Folke Ramsten da Kukan da Ya Ɗauka na Kwalbati Ne

Shekara talatin da huɗu Folke Ramsten ya yi yana tuƙa gireda, motar gyaran hanya, a ƙaramar hukumarsu da ke kudancin Suwidin, kuma a duk shekarun nan ba wanda ya taɓa jin ya ce hanya ta yi kyau. Iyakar yabonsa shi ne, "Ba laifi, sai mu ga abin da Maris zai yi mata." A wurinsa ba a sanin halin hanya sai ƙanƙarar da ke ƙarƙashinta ta fara narkewa.

Mahaifinsa direban motar madara ne, mai zagaya gonaki da sassafe. Duk ƙarshen hunturu sai motar ta kafe a wuri ɗaya, wata 'yar kwana kusa da tabkin Askaren, inda ƙasa take a bushe ƙarau idan ka kalle ta daga sama. Uban ya sauko yana ta faɗa da motar, shi kuwa Folke ya tsuguna yana tura sanda cikin ƙasa, yana son ya san me ya sa a nan ne take nutsewa, ba taku goma a gaba ba. Wannan tambayar ce ta kai shi aikin hanya. Ya auri Viola, mai dafa abinci a makarantar firamare, suka haifi 'ya'ya mata biyu, suka aurar da su a birni. Ba ya shan taba, ba ya kallon ƙwallo. Idan suka je biki a wani gari, abin da zai ba da labarinsa bayan sun dawo shi ne irin tsakuwar da aka zuba a harabar ajiye motoci.

Da ya yi ritaya, sati uku kacal Viola ta iya jure zamansa a gida. Ya gyara magudanar ruwan bayan gida sau biyu, ya fara magana a kan gangarar daɓen kicin. Ran nan ta miƙa masa filas ɗin kofi da burodin kirfa guda biyu, ta ce, "Maigida, je ka zaga tabki. Kada in gan ka kafin sha ɗaya."

Tabkin yana da hanyar ƙafa da ta kewaye shi, kilomita shida da 'yan kai, kuma hukumar wurin shaƙatawa ce ke kula da ita. Folke ya zaga ranar, ya zaga washegari, ya ci gaba da zagawa. Da Maris ya shigo sai ya fara ganin mutanen birni suna zuwa da fararen takalma da keken jarirai, su shiga gefen gabas da fara'a, su dawo da taɓo har ƙauri. Abin ya dame shi. Ya samo wani tsohon allo da makarantar su Viola ta yar, ya kafa shi a bakin ƙofar shiga wurin, ya riƙa rubuta halin hanya da alli kowace safiya. Ylva Sandelin, jami'ar da ke kula da wurin, ta zo ta karanta, ta ce ai kuwa ya fi takardar da ofis ke mannawa sau ɗaya a wata, ta sa aka yi wa allon 'yar rumfa.

Rubutunsa ba shi da ado. "Gabas: sama ta bushe, ƙasa kunu ce, kada ka yarda da ita. Gadar katako: santsi har ƙarfe tara. Yamma: lafiya lau, ko da takalmin zuwa coci."

Waɗanda suka fi karanta allon su ne masu kallon tsuntsaye. Su ne ke cika wurin tun ƙanƙara ba ta gama sakin tabkin ba, kowa da madubin hangen nesa rataye a wuya, suna jiran su ga wane tsuntsu ne zai fara dawowa daga kudu. Sun sa masa suna Ministan Taɓo. Shi kuma yana ce musu 'yan kallon sama, don sau da yawa ya ga mutum ya ɗaga kai yana bin wani ɗigo a cikin gajimare, ya taka cikin kududdufi da ƙafa biyu. Tsuntsaye a wurinsa iri biyu ne: masu iyo da marasa iyo. Shekara shida ana haka, ana gaisawa, ana zolayar juna, kowa da inda idonsa yake.

A shekarar da ya cika saba'in da ɗaya, ranar ashirin da uku ga Maris, ya iso ƙarshen gabas wajen shida saura na safe. A nan hanyar take haye wani kwalbati da ke kai ruwan gonaki cikin tabki, gefen wani faffaɗan filin kacala da ta bushe tun bara. Shi da kansa ya sa hannu wajen binne kwalbatin nan shekara talatin da suka wuce. Yana tsaye a kai yana duba gefen hanyar da ya ɗan zaizaye, sai ya ji wani abu. Da farko kamar an ja numfashi a gajarce, sannan wata ƙara mai zurfi, irin wadda ake ji idan an hura bakin babbar kwalba. Sau huɗu ta yi, a jere, ta yi shiru. Ba ta da ƙarfi sosai a kunne, amma ya ji ta a ƙirjinsa.

Bai yi wani dogon tunani ba. Ƙanƙara ta toshe bakin kwalbati, ruwa yana matsowa daga baya, iska ta rasa mafita. Ya koma ƙofa ya rubuta: "Gabas: kwalbati yana kuka. A bi a hankali, ina dubawa."

Washegari ya zo da rodi mai tsawon mita biyu. Ya zura ta wannan baki, ya zura ta wancan, ba abin da ya tare shi. Ruwa yana wucewa sumul. Yana cikin goge rodin sai ƙarar ta sake zuwa, kuma a wannan karon kamar ta fito ne daga hagu, can cikin kacala, inda ya san ba bututu ko ɗaya. Ya ciro ɗan littafinsa ya rubuta lokaci, da inda yake tsaye, da inda iska take kaɗawa.

Daga nan abin ya kama shi. Ya zargi tsohon ɗakin famfo da ke bayan kacalar, ya karɓo makulli wurin Ylva, ya tarar injin ya yi tsatsa, ɓeraye sun yi gida a cikinsa. Ya zargi masana'antar katako da ke ƙetaren tabki, ya tuƙa mota har can ya tambaya ko suna kunna wani inji kafin shida. Mai gadi ya ce masa kafin bakwai ko tukunyar kofi ba a kunnawa. Ya ɗora kofi cike da ruwa a kan kwalbatin don ya ga ko ruwan zai girgiza idan ƙarar ta zo. Bai girgiza ba. Kowace safiya yakan tsaya a sabon wuri a gefen tabki, ya saurara, ya ba ƙarfin ƙarar maki daga ɗaya zuwa biyar.

"Ka tabbata ba cikinka ba ne?" in ji Viola, tana zuba masa miyar wake. "Tun da ka fara fita ba karin kumallo nake jin irin wannan ƙarar a gidan nan."

"Cikina ba ya jin iska. Wannan idan iska ta juya arewa sai ta ragu."

"To ka tambayi mutanen naka masu madubi mana."

"Me suka sani game da bututu?"

Su kuwa masu madubin ba su ji komai ba, don allon ya ce gabas kunu ce, kuma sun saba yarda da allon. Duk sun tattara a hasumiyar katako ta kudu, bayan tudun itatuwa, suna zuwa bayan rana ta fito, lokacin da ƙarar ta riga ta ɗauke.

A safiya ta goma sha ɗaya ne Majken Ohrn ta same shi. Tsohuwa ce 'yar shekara saba'in da huɗu, doguwa, wadda ta yi shekara arba'in tana kaɗa ogan, babban abin kiɗa mai bututu, a cocin garin, kuma ita ce ta fi kowa daɗewa a ƙungiyar masu kallon tsuntsaye. Ita ce ta raɗa masa Ministan Taɓo. Maganar kwalbati mai kuka ta tsaya mata a rai, shi ya sa ta sa takalmin robanta ta biyo gabas da sassafe. Ta tarar da shi kwance rub da ciki a kan buhu, kansa a cikin bakin kwalbati.

"Ranka ya daɗe Minista, mutuwa ka yi ko aiki kake?"

"Saurare nake," ya amsa daga ciki. "Ki daina taka gefen nan, zai zame da ke."

"Kwana goma kana tsorata mu da wannan rami. Me yake cewa?"

"Ki yi shiru ki ji. Saura minti biyu ko uku."

Ta tsaya tana murmushi, ta dogara da sandarta. Sai ga jan numfashin nan, sai ga ƙarar, sau huɗu. Da Folke ya zaro kansa sai ya ga murmushin ya tafi. Ta zauna a kan jiƙaƙƙen dutsen kwalbatin ba tare da ta duba ba, ta ɗora tafin hannu a ƙirji.

"Tun yaushe?" ta ce a hankali.

"Ashirin da uku ga Maris. Ba daga nan take fitowa ba, na tabbata yanzu. Ina zargin akwai tsohon bututun manoma a ƙarƙashin kacala."

"Folke, tsuntsu ne."

Ya tashi zaune yana kakkaɓe gwiwa. "Haba Majken."

"Tsuntsu ne, na ce maka. Rördrom. Ɗan gidan su zalɓe ne, amma gajere, ruwan ƙasa, ba ya fita daga cikin kacala. Namijin ne ke kiran mace. Rabon da a ji shi a tabkin nan shekara ashirin da shida, kuma ni ce na ji na ƙarshen."

"Girmansa?"

Ta gwada da hannuwa biyu. Bai wuce babban zakara ba.

"Ba zai yiwu ba," ya ce. "Na yi aiki da bututu duk rayuwata. Kafin ki samu wannan zurfin sai kin samu bututu mai tsawo. Ke ma ai kin sani, ba da bututu kike kiɗa ba?"

"Na sani. Wanda ke ba ni wannan muryar a coci ya kai min ƙirji."

"To a ina zakara zai ajiye shi?"

"Maƙogwaronsa yake cikawa da iska, wuyan ya kumbura, sannan ya sake ta."

"Ya sake ta ta ina? Ta baki ko ta hanci? Me ke riƙe iskar kafin ya sake ta?"

Shekara hamsin Majken tana bin tsuntsaye, ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. "Ban sani ba," ta ce. "Ba ni kofi, ɗan tsoho."

Suka raba burodin kirfa, suka ji ƙarar sau biyu kuma kafin rana ta ɗago. Folke bai yarda gaba ɗaya ba sai da ta kai shi gidanta ta kunna masa faifan kukan tsuntsaye. Ya saurara sau uku, ya ce na tabki ya fi wannan zurfi. Ta ce kowane namiji da muryarsa.

Sai kuma maganar abin da za a yi. Dole Majken ta sanar da ƙungiya, don irin wannan ba a ɓoye shi, kuma ta san da zarar labari ya fita mutane za su zo daga garuruwa uku ko huɗu. Ita tsoronta gadar katakon da ta ratsa tsakiyar kacala: idan aka yi ta dirim-dirim a kai, tsuntsun zai tashi kafin mace ta same shi. Shi kuwa tsoronsa hanyar gabas. A wannan makon ɓawon samanta bai fi kaurin tafin hannu ba, ƙafa ɗari ta isa ta mai da ita fadama har Yuni.

"Abu mai sauƙi," in ji ta. "Rubuta a allonka cewa gada ta karye. Kowa yana yarda da kai."

"Gada ba ta karye ba. Jiya na bi ta, katako biyu ne kawai ke motsi."

"To ka ce tana shirin karyewa."

"Shekara shida ban rubuta abin da ban taka da ƙafata ba. Ki ba ni zuwa Juma'a."

Ya koma gida ya baje littafinsa a teburin kicin, ya zana tabkin a bayan wata tsohuwar kalanda, ya sa makin kowace safiya a inda ya tsaya. Abin da ya fito ya ba shi mamaki. A bakin kacalar, inda ya fi kusa da tsuntsun, maki uku ne ko huɗu, don karan kacala yana shanye ƙarar. Biyar ɗin guda ɗaya tana can yamma, a tudun tsakuwa na tsohuwar mashigar kwale-kwale, fiye da kilomita ɗaya daga wurin, inda ba komai tsakani sai ruwa. Ya je can safiya biyu a jere don ya tabbatar. Ranar Juma'a da yamma ya goge allon tas, ya rubuta:

"Ba kwalbati ba ne, tsuntsu ne, na yi kuskure. Ba za ka gan shi ba ko ka je gabas, ni kwana sha ɗaya ban gan shi ba. An fi jin sa a tudun tsakuwa na yamma, biyar da rabi zuwa shida da kwata. Na auna. Gabas kunu ce."

Ranar Asabar mutum sittin da wani abu suka taru a tudun tun gari bai gama wayewa ba, cikin manyan riguna, numfashi yana fita musu kamar hayaƙi. Madubai suna rataye a wuya, ba abin da za a kalla da su. Da ƙarar ta taso ta kan ruwa, wani mutum mai furfura ya cire hularsa, wata mata ta yi dariya a hankali ta toshe baki. Folke yana tsaye a baya da hannuwa a aljihu, yana kallon yadda tsakuwar ke ɗaukar nauyinsu. Ta ɗauka.

Mutum uku ne suka ƙi jin magana suka bi gabas. Ɗayansu, wani mai doguwar kyamara, ya dawo da ƙafa ɗaya cikin safa. Folke ya je da rodinsa ya ciro takalmin, ya wanke shi a bakin tabki ya miƙa masa, ya tambaye shi a ina daidai ya nutse, don yana son ya sa a littafi. Ranar Litinin Ylva ta zo da igiya ta rufe gadar katako har ƙarshen Yuni, da takardar ofis mai hatimi, ta kuma roƙi kalandar don ta nuna wa shugabanninta.

Shi dai Folke abin da yake so shi ne ya ga wuyan nan yana kumbura. Majken ta ara masa tsohon madubinta, ta koya masa yadda ake juya shi. Ya yi Afrilu da rabin Mayu yana hawa hasumiya da sassafe, yana zuba ido a kan kacala har idanunsa su yi ruwa. Bai gani ba. A ɗan ɗakin aikinsa da ke bayan gidansu ya haɗa tiyon ban ruwa da robar cikin tayar keke, yana hurawa yana saki, ko zai gano dabarar. Abin da ya samu ya fi kama da kukan saniya mai mura, har maƙwabcinsu ya leƙo ta katanga yana tambayar lafiya.

Sai a farkon Yuni, da tsakar rana, suna zaune da Majken a kan hasumiya, wani abu mai ruwan ƙasa ya taso daga cikin kacala, ya yi tafiyar da ba ta fi ta daƙiƙa goma ba da fukafukai masu faɗi da ƙafafu a baya, ya sake faɗawa ciki.

"Shi ne?" ya ce.

"Ita ce. Idan mace tana tashi da rana haka, abinci take kai wa 'ya'ya."

Ya sauke madubin. "Kamar buhun dankali da aka jefa."

"Kai ma ai ba don kyau aka aure ka ba."

Yanzu Folke yana da shekara saba'in da huɗu. Gwiwarsa ta dama ta fara ba shi matsala, don haka ranar da take ciwo rabin tabki yake zagawa, ya rubuta a allo cewa ɗaya rabin bai taka ba. A shekara ukun nan, sau biyu tsuntsun ya dawo, sau ɗaya ba a ji shi ba. Majken ba ta iya hawa hasumiya kuma, sai ya riƙa ɗauko ta a mota ya ajiye ta a tudun yamma da kujerar naɗewa da bargo. Ya san sunan tsuntsaye goma sha huɗu, ko da yake har yanzu yana rikita biyu daga ciki.

A makon da ya wuce ya lura da wani abu. Gauraki na farko da ke isowa kullum wata 'yar gona suke sauka a arewa da tabki, kuma ita ce gonar da ƙasarta ke fara sakewa, kwana biyar ko shida kafin na kusa da ita, ko da yake daga sama duk iri ɗaya suke. Ya tambayi Majken yadda suke ganewa tun suna cikin iska. Ta ce wataƙila sun tuna daga bara. Ya ce to na farkon fa, wa ya gaya masa? Ya ari ma'aunin zafi na gasa nama daga kicin ɗin Viola, ya nemi izinin mai gonar, kuma tun ranar yake tsugunawa a gefenta kowace safiya yana soka shi cikin ƙasa. Gaurakin suna tsaye nesa kaɗan suna kallonsa. Viola ta ce ya riƙe ma'aunin, ta sayi wani.